Zanen Haɓar 'Yar Tsana

Wankan jego ne ya kai ni Amurka. A al'ada 'yar farina ce za ta zo gida Haɗeja in yi mata wanka, amma nisa da sha'anin takardu suka hana, sai ni na bi ta San Bernardino, cikin jihar Kalifoniya. Kwana arba'in ban san komai na garin ba sai hanyar kicin da ɗakin mai jego. Da aka yi arba'in na ce to, yanzu sai a bi maƙwabta a yi musu bangajiya, ko da su ba su san da wannan al'ada ba.

Gidan da na fara shiga na wata tsohuwar Baturiya ne, wadda ta kawo wa jaririya hular ulu da ta saƙa da hannunta. Tana cikin zuba mini shayi idona ya faɗa kan taga. Wata 'yar tsana ce ta yumɓu a jingine da gilashi, rana na dukanta, tsawonta bai fi santimita 20 ba. Idanunta manya-manya, an zagaye su da baƙi kamar ta sha kwalli. Hanci dogo, baki ɗan ƙarami. Gashi ne na gaske a kanta, baƙi wuluk, an datse shi a goshi. Kunnuwa a huje, da 'yan mitsi-mitsin duwatsun ado shuɗi da fari suna reto, wuya ma an naɗe shi da su. An ɗaura mata ɗan jan ƙyalle a ƙugu. Hannu ɗaya ya karye daga gwiwa. A haɓarta kuma, daga leɓe zuwa ƙasa, akwai layuka siri-siri da suka fara koɗewa.

Matar ta ce kakanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne na kamfanin Santa Fe, shi ya sayo wa mahaifiyarta ita a tashar wani gari da ake kira Needles, daga hannun matan wata ƙabila. A rubuce sunansu Mojave, a baki kuwa Mohabi. Ta ce ta daɗe tana so ta sami fenti ta shafe wannan dattin na haɓa, don yana sa 'yar tsanar ta yi kama da mai gemu.

Ni jikar maginiya ce. Kakata ta wajen uwa da ginin tukwane ta ci ta sha, ta aurar da 'ya'ya, kuma a gindinta na koyi cewa mai aikin yumɓu ba ta jan layi a banza. Ban ce wa matar komai ba a ranar, don ban san abin da zan ce ba tukuna. Amma da na koma gida na kira Auta, wanda ke karatu a jami'a a can kusa, na ce masa akwai inda zai kai ni in ya sami hutu.

"Umma, hamada ce fa zalla," in ji shi bayan ya duba taswira a waya. "Mene ne a wurin?"

Na ce kogi ne da mutane.

Muka tashi bayan sallar asuba wata Juma'a cikin watan Maris. An gargaɗe mu kada mu kuskura mu je da bazara, don zafin Needles a watan Yuli yakan haura digiri 45. Daga garin Barstow muka ɗauki babbar hanya mai lamba 40 muka miƙa gabas, kilomita wajen 230 babu komai sai tsakuwa da 'yan gajerun tsirrai masu toka-toka da duwatsu baƙaƙe a can nesa. Abin da ya yi ta raka mu shi ne layin dogo. Jiragen kaya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, na fara ƙirga taragun wani na bari bayan na wuce ɗari. Sai can wajen hantsi hanya ta fara gangara, kuma kwatsam ga kore shar a ƙasan kwari, kamar an shimfiɗa darduma a tsakiyar fako. Kogin Kolorado ke nan. A kudu ana hango wasu duwatsu masu tsini kamar allurai, su ne suka ba garin sunansa.

Mutanen ba su kiran kansu Mohabi. Sunansu a harshensu Pipa Aha Makab, wato mutanen bakin kogi, kuma duk wanda ya ratso wannan hamada ya hango ruwan nan zai gane cewa ba suna ne na ado ba.

Needles ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi 5,000 ba, shaguna da yawa a rufe. Amma a tsakiyarsa akwai wani katafaren gini mai hawa biyu da ginshiƙai reras, wanda ya fi ƙarfin garin nesa ba kusa ba. El Garces ake kiransa, an gama shi a 1908 bayan gobara ta cinye tsohuwar tashar katako. An sa masa sunan wani limamin Kirista ɗan Sifaniya, Francisco Garcés, da ya ratso ƙasar Mohabi a 1776. Tasha ce, kuma masauki da gidan cin abinci na kamfanin Fred Harvey. A zamanin da jirgi ke tsayawa fasinjoji su sauka su ci abinci, a nan bakin layin dogo matan Mohabi suke zama da kayansu: sarƙoƙin duwatsun ado, 'yan tukwane, da 'yan tsana.

Na daɗe a tsaye a wurin. Na san irin wannan zama. Duk wanda ya taɓa bin jirgin Nguru ya san matan da ke jiran tsayuwarsa da tire a ka, ya san cewa cinikin minti kaɗan ne, ko ki sayar ko ki koma da kayanki. Abin da na so in sani shi ne me ya kawo matan da ke da gonaki da kogi bakin tasha.

Amsar tana cikin shekaru 25 da suka gabaci zuwan jirgin. Kafin nan Mohabi ba su rasa komai ba. Kowace shekara, in ƙanƙarar duwatsun arewa ta narke, kogin yakan cika ya malale kwarin, in ya janye ya bar laka mai albarka, su bi ta da sanda suna shuka masara da wake da kabewa da kankana, ba ruwan sama ba ban-ruwa. Suna kama kifi. Suna tara 'ya'yan wata bishiya mai suna meskit su daka su yi gari. Da na ga bishiyar da kwanson 'ya'yanta sai ta tuna mini da ƙirya, ashe kuwa dangi ɗaya suke. Mazansu 'yan gudu ne da fatauci, sukan ratsa hamadar da muka yi awa uku muna ratsawa a mota, da ƙafa, har bakin tekun Fasifik su sayo kwanson kifin teku. A 1857 wani jami'i mai suna Edward Beale ya zo yana shata hanyar kekunan doki ta tsakiyar gonakinsu. Shekara ta zagayo ayarin masu ƙaura suka biyo hanyar da dabbobinsu, aka yi faɗa, aka zubar da jini. A 1859 sojan Amurka suka kafa barikin Fort Mojave a bakin kogi. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, Irataba, ya je har Washington a 1864 ya gana da Shugaba Lincoln, ya ga yawan mutanen da ke bayan waɗannan sojoji, ya dawo ya ja wani ɓangare na jama'a zuwa kudu, keɓaɓɓiyar ƙasar da gwamnati ta yanka a 1865 kusa da inda garin Parker yake yanzu. Sauran suka ce ba inda za su, suka zauna a nan. Jirgin ƙasa ya iso a 1883 ya tarar da mutanen da aka raba biyu, aka matse, kuɗi kuma ya zama abin da ba a rayuwa sai da shi. Maza suka shiga aikin layin dogo da na jiragen ruwa. Mata suka duba abin da hannunsu ya iya.

A tsallaken titi akwai ɗan gidan tarihin garin, tsofaffi 'yan sa-kai ke kula da shi. A can da kuma Parker washegari na ƙare wa aikin yumɓun Mohabi kallo, har Auta ya gaji ya koma mota ya bar ni.

Tukwanensu na asali ba su da ƙyalƙyali. Launin ƙasa ne mai haske, da zane ja. Sukan haɗa yumɓu da dakakken dutse don kada ya tsage a wuta, su murza shi igiya-igiya suna ɗorawa, sannan a sa dutse mai sulɓi daga ciki ana bugun waje da faffaɗan katako har bangon ya yi siriri ya daidaita. Da aka kwatanta mini haka sai da na ji sautin a kunnena, don irin bugun da nake tashi da shi ke nan da safe a gidan kakata. Zanen da wata ƙasa mai ruwan ɗorawa ake yinsa, wuta ce ke mai da shi ja. Ba su da rufaffen murhu, a fili ake jera kaya a lulluɓe da itace a cinna wuta, shi ya sa ake ganin tabon hayaƙi a jikin wasu.

Fasinja ba zai sayi tukunyar dafa wake ya sa a akwati ba. Saboda haka matan suka koma ƙananan abubuwa: kofuna masu mariƙi irin na Turawa, tuluna masu baki huɗu da kan mutum a sama sanye da 'yan kunne, kwaɗi, da 'yan tsanan nan. Akwai mata da ɗan zane, akwai maza da bante, akwai jarirai a ɗaure a kan allon goyo. Maƙwabtansu na kudu, Kwacan na garin Yuma, su ma sun yi irinsu suna sayarwa a tasu tashar, har masana kan yi gardama a kan wace ta wane ce. Ba su sha wuta sosai ba, shi ya sa da wuya a ga wadda ba ta rasa yatsa ko hannu ba.

Wani baƙo da ke kallo kusa da ni ya ce wa matarsa ai waɗannan kayan 'yan yawon buɗe ido ne kawai, ba ainihin kayan gargajiya ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiya ne don sayarwa aka yi su. Jan ƙyallen daga kanti ya fito, duwatsun adon na gilashi ne daga Turai. To amma a dubi fuskokin. Babu biyu da suke iri ɗaya. Wata an ja mata layuka ja daga ido zuwa kunci, wata ɗigo-ɗigo, wani namijin an zane shi tun daga kafaɗa har ƙafa. Baturen da ke sauri ya koma kujerarsa kafin jirgi ya yi kuka bai san bambancin wannan zane da wancan ba, layi biyu ma sun ishe shi ya biya. Matar ta san haka sarai, amma ta zauna ta ja kowane layi a inda yake a fuskar mutum mai rai. Wanda ya taɓa sana'ar hannu ya san cewa a nan ake gane mai mutunta aikinta.

Da la'asar muka haye gada zuwa ɓangaren Arizona. Keɓaɓɓiyar ƙasar Mohabi ta Fort Mojave ta yau, kusan eka 42,000, ta ratsa jihohi uku: Arizona da Kalifoniya da Nebada. Gonakin auduga da na ciyawar dabbobi ne shimfiɗe, da manyan injinan ban-ruwa. Can gaba a ɓangaren Nebada suna da otal da gidan caca mai suna Avi, wanda suka buɗe a 1995. Caca ba abin da zan yaba ba ce ko a ina, amma ban ji ina da bakin yi wa mutanen da aka raba da kogi wa'azi a kan inda suke samun kuɗin asibiti da makaranta ba. Muka wuce.

A wata 'yar rumfa kusa da wani shago na tarar da wata dattijuwa tana shirya duwatsun ado a zare, shuɗi da fari, irin na wuyan 'yar tsanar. Na gaishe ta na zauna. Ta dubi mayafina ta tambayi daga ina, na ce Najeriya, na zo ganin jika. Nan take fuskarta ta saki, ta ce ita nata jikokin bakwai. Hira tsakanin kakanni ba ta buƙatar tafinta.

Na nuna mata hoton da na ɗauka a wayata. Ta ƙura masa ido, ta faɗaɗa wurin haɓar da yatsu biyu. Ta ce wannan ba fenti ba ne irin na kwalliya da ake wankewa. Fentin fuska daban, ana yinsa yau a sake wani gobe, don ado da kuma kare fata daga rana da ƙwari. Na haɓa kuwa zane ne na dindindin, da ƙaya ake tsaga fata a cusa garin gawayi, ya warke ya koma shuɗi-shuɗi. Mata da maza duk suna yi, amma an fi saninsa a haɓar mata. Kuma ba don kyau kaɗai ba. A imaninsu, da wannan zane ake gane mutum in ya mutu, magabata su karɓe shi a matsayin nasu. Wanda ba shi da shi ba ya samun shiga.

Na shafa nawa kuncin ba tare da na sani ba. Ina da 'yan tsagar gidanmu, 'ya'yana kuwa babu wanda aka yi wa. Ta lura, ta yi murmushi, ta nuna tata haɓar da babu komai.

Sai na yi tambayar da ba ta dace ba. Na ce ko a danginta akwai wadda ta yi irin waɗannan 'yan tsana, mene ne sunanta? Ta yi shiru, ta ci gaba da zura zare. Can ta ce akwai, amma su ba sa kiran sunan wanda ya rasu. Na ba ta haƙuri. Na gaya mata ni ma akwai sunan da ba ya fita daga bakina, na 'yar da na zo wa wanka, ga ta da ranta da lafiyarta, amma kunyar ɗan fari ta hana. Ta ce to kin gane ke nan. Ban ce dalilinmu ɗaya ba ne, amma na san yadda suna yake yin nauyi a harshe.

Daga nan ne ta faɗi abin da ya warware mini komai. Mohabi ƙona mamatansu suke yi, har yau. A da, ba gawar kaɗai ba: tufafin mutum, kayan aikinsa, tukwanensa, duwatsun adonsa, rumbunsa, har gidan da ya zauna, duk wuta ake sa musu su bi shi. 'Yan'uwa ma sukan jefa nasu kayan masu daraja a ciki. Ana kwana ana waƙoƙi da caki kafin a cinna wutar. A matsayina na Musulma wadda ta saba da wanka da likkafani da kabari, jikina ya yi sanyi da jin haka, ba zan ɓoye ba. Amma matar ba ta nemi yardata ba, ni ma ban je don in yi mata hukunci ba.

Abin da ya biyo baya a tunanina shi ne wannan. In duk abin da mace ta mallaka yana bin ta cikin wuta, to babu tukunyar kaka da za a gada, babu tsohon zane a ƙasan adaka. Abin da ya tsira daga hannun matan wancan zamani shi ne abin da ya bar hannunsu tun suna raye, wato abin da suka sayar. 'Yar tsanar da aka miƙa ta tagar jirgi a kan 'yan kwabbai, ta tafi Chicago ko Los Angeles a cikin akwatin baƙo, ita ce ta rage ɗauke da yadda ake datse gashi, yadda ake jera duwatsun wuya, yadda ake zana kunci da haɓa. Kayan da wancan mutumin ya raina a gidan tarihi su ne kusan kaɗai shaidar da aka bari da hannun masu abin, ba da kyamarar baƙo ba.

Kuma a daidai shekarun da matan ke zaune a tasha, ana can ana kankare waɗannan alamomi daga jikin 'ya'yansu. A 1890 aka mai da barikin soja makarantar kwana, ta yi aiki har 1931. Ana ɗauke yara daga gida ko iyaye sun so ko ba su so ba, a aske musu gashi, a sa musu kayan Turawa da sunayen Turawa, a hukunta wanda aka ji yana magana da harshensu. Gashi kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, har cakuɗa laka da ƙaron meskit suke yi su shafe kai da shi don ya yi baƙi ya yi sheƙi. Na koyar a firamare shekara 31, na san abin da makaranta ke iya ginawa a cikin yaro, na kuma san abin da take iya rushewa. Ina tunanin uwar da aka aske wa ɗiya a makaranta, ita kuma tana zaune a inuwa tana liƙa dogon gashi a kan 'yar tsana, tana ja mata layukan da ba za a ƙara ja a haɓar ɗiyarta ba. Ko ta yi haka da niyya ko hannunta ne kawai ya bi abin da ya sani, aikin ya isar da saƙon.

Sana'ar ta ja baya da jiragen fasinja suka ragu, mutane suka koma mota. Gidan abincin El Garces ya rufe a 1949. 'Yan ƙalilan ne suka riƙe yumɓun. Wadda aka fi sani ita ce Annie Fields ta nan Needles, da ta rasu a 1971, mai gina kwaɗi da ɗan itace a baki. Bayanta Elmer Gates ya ɗauka ya koyar da wasu. Na rubuta sunayensu ne don suna rubuce a gidajen tarihi, amma bayan zamana da dattijuwar nan sai da alƙalamina ya ɗan tsaya. Yau tsofaffin 'yan tsanan suna hannun masu tara kayan tarihi, ana gwanjonsu da ɗaruruwan daloli, mafi yawansu nesa da kogin.

Na sayi sarƙa ɗaya a wurinta, ban nemi ragi ba. Da za mu rabu ta nuna mini wani dutse a arewa, fari-fari a cikin hasken yamma. Avi Kwa Ame, in ji ta, daga can suka yi imani an fara halittarsu. A 2023 gwamnatin Amurka ta ayyana yankin a matsayin wurin da doka ta kare, bayan sun shekara da shekaru suna nema.

Muka yi sallar magariba a bakin kogi. Ruwan garau yake, sanyi ƙalau, yana tafiya a natse tsakanin duwatsun da aka jera masa. Wannan ba shi ne jan kogin da ya ciyar da kakanninsu ba. Tun da aka gama madatsar Hoover a 1936, aka bi da ta Parker a 1938 da ta Davis a 1951, ambaliya ta daina zuwa, lakar tana kwanciya a bayan siminti. Ba sai an yi wa mutumin Haɗeja dogon bayani ba. Mun ga abin da ya sami fadamunmu bayan an datse ruwa a Tiga a 1974, mun ji tsofaffi suna lissafa inda ruwa yake kaiwa da. Auta ya ce, "Umma, kin yi shiru." Na ce ina sauraron ruwa ne.

Da tsakar dare na ji kukan jirgin fasinja ɗaya tilo da ya rage, mai zirga-zirga tsakanin Chicago da Los Angeles. Na leƙa ta tagar masauki. Ya tsaya 'yan mintuna ya wuce, babu kowa a bakin tasha da kayan sayarwa.

Parker, washegari, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce zuwa kudu. A can Mohabi suna zaune tare da ƙabilar Cemehuwebi, da kuma ƙabilun Hopi da Nabaho da aka kawo daga baya, kowa da sana'arsa a gidan tarihinsu. Da yake mun riga mun zo kusa, Auta ya ƙarasa da ni garin Quartzsite mu ga kabarin Hajji Ali, ɗaya daga cikin masu jan raƙuman da sojan Amurka suka ɗauko daga ƙasashen Daular Usmaniyya, wanda ya bi ayarin Beale ɗin nan. Ya rasu a 1902, an gina masa ɗan dala da siffar raƙumi a sama. Na yi masa addu'a. Baƙo ne da neman abinci ya kawo, ya taka gonakin mutanen da bai sani ba a kan aikin da ba nasa ba.

A hanyar komawa Auta ya tambaye ni ko ba na ƙyamar mutum-mutumi. Na ce 'yar tsana daban, Nana A'isha ma ta yi wasa da nata a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu ma da kara da tsumma muka yi namu, yayyenmu maza suna gina shanun laka a bakin kududdufi. Sai dai namu na wasa ne, damina ɗaya su narke. Waɗannan kuwa an ɗora musu kayan da ya fi na wasa nauyi.

Kwana biyu da dawowarmu na ɗauki sarƙar na shiga gidan maƙwabciyar. Na ajiye ta kusa da 'yar tsanar, shuɗin da farin suka dace kamar daga zare ɗaya aka tsinko su. Na gaya mata abin da na gani da abin da na ji, tun daga tasha har zuwa wuta. Na ce layukan nan ba datti ba ne, ba kuma gemu ba, da su ake gane ta. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta tambaya ko ta sa a ƙara musu baƙi tunda sun koɗe. Na ce a'a, hannun da ya ja su ne kaɗai ke da wannan iko, abin da za ta iya yi shi ne ta raba ta da rana.

Ta tashi ta buɗe wani kabad mai gilashi a can cikin falo inda haske ba ya kaiwa, ta kwashe kofunan da ke ciki. Ni na ɗauko 'yar tsanar da hannu biyu, ba ta da nauyi ko kaɗan. Muka shimfiɗa mata auduga, muka kwantar da ita, karyayyen hannun a gefenta.